Da gaske duniya kamar ƙwallo take? Amsa ga wani ɗalibi daga Jekadafari

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Gombe, unguwar Jekadafari. A makaranta an koya mana cewa duniya kamar ƙwallo take, amma wani abokina a majalisarmu yana nuna mana bidiyo a TikTok cewa duk ƙaryar Turawa ce, hotunan NASA ma da kwamfuta aka haɗa su. Ya ce ko'ina ka duba ƙasa a shimfiɗe take, ruwa ba ya zama a kan ƙwallo, kuma Alƙur'ani ya ce an shimfiɗa ƙasa. Na rasa amsar da zan ba shi, har ni ma na fara kokwanto. Akwai hujjar da mutum zai iya gani da kansa?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara maka son ilimi. Idan na fahimce ka, ba maganar littafin makaranta kake nema ba, hujja kake so wadda za ka iya dubawa a nan Gombe ba tare da ka dogara da Bature ko hotonsa ba. Akwai ta, kuma fiye da ɗaya. Ni aikina safiyo, awon ƙasa da zana taswira, saboda haka yawancin abin da zan faɗa maka daga awo ya fito. Abokinka ya kawo abubuwa huɗu: ido, ruwa, hoto da aya. Kada ka raina shi, domin biyun farko tambayoyi ne da duk mai hankali zai yi.

Abin da ya sa ido ke ganinta a shimfiɗe

Girma ne ya jawo haka. Kewayen duniya ta tsakiyarta kilomita 40,075 ne. Mutumin da ke tsaye a fili, idonsa bai kai mita biyu daga ƙasa ba, iyakar abin da zai hanga na doron ƙasa bai wuce kilomita biyar ba. Ka raba 40,075 da biyar, za ka ga kashi ɗaya cikin dubu takwas ne kawai. Tururuwar da ke tafiya a bayan babbar randa, duk inda ta sa ƙafa shimfiɗaɗɗe ne a wurinta, ba don randar ba ta da lanƙwasa ba, sai don abin da take takawa ya yi ƙanƙanta. Ko ka hau Dutsen Bima ba za ka ga lanƙwasar da ido ba. Hatta daga tagar jirgin sama, a tsayin kilomita goma ko sha ɗaya, da ƙyar ake lura da ita, kuma ba na so ka kafa hujja da wannan.

Amma abin da ido bai gani ba na'ura tana kama shi. A nisan kilomita ɗaya doron ƙasa yana sauka da kimanin santimita 8 daga miƙaƙƙen layi. A kilomita biyar ya kusa mita biyu, a kilomita goma ya kusa mita takwas, domin saukar tana ninkuwa ne, ba ƙaruwa take yi daki-daki ba. Mu masu safiyo da wannan lissafi muke cin abinci. Idan muna awon tudu da kwari don hanya ko magudanar ruwa, dokar farko da ake koya wa yaro ita ce ya dasa na'urarsa daidai tsakiyar sandunan awo biyu, na gaba da na baya, don kuskuren lanƙwasar ƙasa ya cinye kansa. Idan wuri bai ba da damar haka ba, kamar in za a ƙetare kogin Gongola, to dole a zauna a cire gyaran da alƙalami. Wanda ya ƙi, awonsa ba zai yi daidai ba, kuma ruwa zai tona masa asiri ranar da aka yi mamakon sama. Taswirar Nijeriya kanta, tun wadda aka kafa ma'auninta a Minna, a kan duniya mai siffar ƙwallo aka lissafa ta.

Batun ruwa kuwa, tambayar ita ce ina ne "ƙasa" da zai zuba? Duk abin da ke doron duniya ana jan sa ne zuwa tsakiyarta. Saboda haka ƙasan mutumin Gombe da ƙasan mutumin Ostireliya duk wuri ɗaya suke nunawa, wato cibiyar duniya. Ruwan da ka zuba a kan ƙwallon yara yana gangarewa ne don duniyar da ke ƙarƙashin ƙwallon ta fi shi ƙarfin ja nesa ba kusa ba. Ita duniya babu wata ƙasa a ƙarƙashinta da za ta janye mata teku. Injiniyoyi sun san zaren da aka rataya wa nauyi a wurare biyu masu nisa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa: gadar Humber da ke Ingila ginshiƙanta biyu a miƙe suke cak, amma samansu ya fi gindinsu nisa da juna da milimita 36.

Lokacin shan ruwa

Wannan ka san shi tun kana yaro. Da azumi, mutanen Maiduguri suna riga mu shan ruwa da kamar minti takwas, mu kuma muna riga mutanen Bauchi da kamar minti biyar. Sakkwato sai bayanmu da minti ashirin da wani abu. Kana zaune bayan la'asar za ka kunna talabijin ka ga ana buɗa-baki a Harami, saboda Makka tana gabanmu da kusan awa biyu.

Waɗannan mintocin ba a warwatse suke ba. Duniya tana juyawa digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya a minti huɗu. Gombe tana kan digiri 11 da ɗoriya gabas da layin da ake fara ƙirga daga kansa a Landan, Bauchi tana gab da cika 10, tazarar digiri ɗaya da sulusi, sai ya ba ka minti biyar. Makka tana gab da digiri 40, tazararmu da ita kusan digiri 29, ka ninka da huɗu ka samu kimanin awa ɗaya da minti hamsin da biyar. Duk jadawalin lokutan sallah da ke rataye a masallacinku, da wanda ke cikin wayar abokinka, da wannan lissafin aka fitar da shi.

Masu cewa faifai ce suna da amsa a nan. Suna cewa rana ƙarama ce, tana kusa, tana shawagi a saman faifan tana haska yanki-yanki. To ka je bayan gari da yamma ka duba. Abin da ke yin nisa ƙanƙancewa yake yi har ya ɓace a sarari. Rana ba ta ƙanƙancewa. Da girmanta take sauka, gindinta ya fara ɓuya, sai rabi, sai ɗan baki, sai ta nutse. Girmanta da hantsi da azahar da gab da magariba duk ɗaya ne, kimanin rabin digiri, kuma hakan ba ya yiwuwa sai ga abin da ke da nisan gaske. Nata nisan kimanin kilomita miliyan 150 ne. Gargaɗi ɗaya: kada ka ƙura mata ido tana sama, ko da hazo ya rage mata kaifi.

Tauraron arewa

Idan dare ya yi garau, bayan damina kafin hazo ya sauko, ka fita inda babu fitilu ka fuskanci arewa. Ka miƙa hannunka ka dunƙule shi, gindin dunƙulen a kan layin da sama ta haɗu da ƙasa. Daidai saman dunƙulen akwai tauraro guda da ba ya gusawa duk dare, sauran suna kewaya shi. Dunƙulen hannu a miƙe kimanin digiri goma ne, Gombe kuma tana digiri goma arewa da tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta biyu, arewa da kudu. Ba dace aka yi ba. A Makka tauraron yana digiri 21, dunƙule biyu. A Landan ya haura digiri 51. A Legas ya sauko zuwa shida da rabi, wanda ya wuce tsakiyar duniya zuwa kudu kuwa, kamar Afirka ta Kudu, ba zai ƙara ganin sa ba ko da wace irin na'ura. Duk tafiyar kilomita 111 zuwa arewa tana ɗaga shi da digiri ɗaya, ba ƙari ba ragi, tun daga nan har ƙarshen arewa. A kan shimfiɗaɗɗen wuri ba za a sami wannan daidaiton ba, kuma ba abin da zai ɓoye shi gaba ɗaya.

Mu a nan Allah ya ba mu rabo biyu. A watan Afrilu da Mayu, da farkon dare, idan ka juya kudu za ka ga wasu taurari huɗu masu haske a jere kamar gicciye, dunƙule biyu daga ƙasa. Mutumin Ingila ko Jamus bai taɓa ganin su daga garinsu ba, domin doron duniya ya tare masa.

Husufin wata

Wannan ita ce hujjar da ta fi daɗewa, kuma ita na fi so a nuna wa yara. Ranar da wata ya yi zazzaɓi, duniya ce ta shiga tsakaninsa da rana, duhun da ke cin sa inuwarmu ce. Wanda ya kalli na daren 27 ga Yuli 2018, wanda aka gani sarai a Nijeriya, zai tuna bakin inuwar a lanƙwashe yake. Kullum haka yake, ko watan yana tsakiyar sama ko yana gab da ƙasa, ko daga Gombe aka kalla ko daga Indiya. Ka ɗauki faifai ka riƙe gaban fitila: in ya fuskance ta inuwarsa da'ira ce, in ka karkata shi ta zama siririya, in ka ba da gefensa ta zama layi. Siffar da ke ba da inuwa mai da'ira ta kowace fuska guda ce tak, ita ce ta ƙwallo. Aristotil na Girka ya kafa hujja da wannan fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, lokacin babu kwamfuta babu Amurka. Da wannan lissafin ne ake sanar da ranar husufi da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, har limamai su shirya sallarsa.

Aya da maganar malamai

A nan zan taka a hankali, domin ni ba malamin tafsiri ba ne, kuma fassarar aya hakkin ma'abotanta ne. Abin da zan iya shi ne in gaya maka abin da malamai suka rubuta, ka kai wa malaminka ya duba maka.

Ayar da abokinka ke nufi tana cikin Suratul Gashiya, inda Allah ya ce a dubi ƙasa yadda aka shimfiɗa ta. Gaskiya ne a Tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu da azumi, an ce zahirin ayar shimfiɗa ne, ba ƙwallo ba kamar yadda masana falaki suka ce. Amma a wurin dai malamin ya ƙara da cewa maganar masana falakin ba ta rushe wani rukuni na shari'a ba. Ka ga ko shi bai mayar da abin ma'aunin imani ba. Wasu manyan kuma sun tafi a kan ɗaya fahimtar. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya tabbatar da cewa duniya mulmulalliya ce, ya kafa hujja da ayar Suratuz Zumar da ke maganar naɗa dare a kan yini da naɗa yini a kan dare. Fakhruddin Ar-Razi, wanda ya rasu a 606, ya yi bayanin cewa ƙwallo idan ya yi girma ƙwarai kowane yanki nasa shimfiɗa ne ga wanda ke kansa. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya naƙalto daga Ibnul Munadi cewa malamai sun haɗu a kan duniya kamar ƙwallo take. An shimfiɗa mana ita mu yi noma, mu yi gini, mu yi tafiya, wannan ni'ima ce da muke gani kullum, kuma ba ta hana siffarta gaba ɗaya ta zama abin da awo ya nuna.

Abin da ke damuna da kalmar "ƙaryar Turawa" shi ne tana ƙwace wa Musulmi aikin kakanninsu. Wajen shekarar 830 Miladiyya, Khalifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana filin Sinjar da ke arewacin Iraƙi. Wasu suka yi arewa wasu kudu suna awon tafiyarsu, har tsayin abin da suke dubawa a sama ya sauya da digiri ɗaya. Suka samu mil 56 da biyu bisa uku na awon Larabawa, wanda ya yi kusa ƙwarai da kilomita 111 da muke aiki da shi yau. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya hau dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yanzu, ya auna yadda ƙarshen hangen ido ya sunkuya ƙasa da miƙaƙƙen layi, daga nan ya fitar da girman duniya. Babban abin da ya zaburar da masanan Musulmi a wannan fanni shi ne alƙibla da lokutan sallah. Daga Gombe alƙibla tana kimanin digiri 64 daga arewa zuwa gabas. Daga New York kuwa arewa maso gabas ake fuskanta, alhali a shimfiɗaɗɗiyar taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da ita. Sai ka ja zare a kan ƙwallon taswira za ka gane dalili.

Kana iya jarraba alƙiblar ma. A ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci ɓangaren da take a wannan mintin ya fuskanci alƙibla. Na sha gwada wannan da na'ura idan aka kira ni fitar da alƙiblar sabon masallaci, kuma yana dacewa da abin da lissafin ƙwallo ya bayar.

Su kuma masu cewa kamar ƙwan jimina take, awo bai goyi bayansu ba. Ta ɗan baje ne kaɗan a ƙuryar arewa da ta kudu: faɗinta ta tsakiya kilomita 12,756, daga ƙurya zuwa ƙurya 12,714. Bambancin bai kai a gani da ido ba.

Hotuna

Abokinka yana da ɗan gaskiya a nan. Wasu hotunan duniya da suka shahara haɗa su aka yi daga ƙananan hotuna masu yawa, saboda tauraron ɗan'adam da ke kusa ba ya iya ɗaukar ta gaba ɗaya, kuma masu hotunan ba su ɓoye haka ba. Amma wanda 'yan sama-jannatin kumbon Apollo 17 na NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, suka ɗauka ranar 7 ga Disamba 1972, inda Afirka da yankin Larabawa suka fito sarai, ɗauka ɗaya ce da kyamarar fim. Kuma ba Amurka kaɗai ke sama ba. Rasha da Sin da Indiya da Japan duk suna da nasu, ga su ba sa ga-maciji da juna a abubuwa da yawa, amma babu wadda ta fito ta ce faifai ta gani. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a 1985. Mai saita maka dish a unguwa ma, da yake karkata shi sama sosai yana neman Nilesat ko Arabsat, yana nuna wani abu ne da ke tsaye kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya yana juyawa tare da ita.

Ka auna da kanka

Wajen 16 ko 17 ga Afrilu, da misalin 12:15 na rana, rana tana tsayawa daidai saman Gombe, sandar da aka kafa a miƙe ba ta da inuwa. Hakan na sake faruwa a ƙarshen Agusta, amma gajimaren damina yakan ɓata aikin, don haka Afrilu ya fi. Ka nemi aboki a Gashuwa, wadda ke arewa da mu kusan a miƙe, nisan kusan kilomita 290. Ku kafa sanda mai tsayin mita ɗaya kowannenku, a daɓe mai laushi wanda bai karkata ba, ku daidaita ta da zare mai nauyi a ƙarshe. A mintin da taka ta rasa inuwa, tasa za ta ba da kimanin santimita huɗu da rabi zuwa arewa. Wannan kusurwar digiri 2.6 ce, kalkuleta za ta fitar maka. Ka raba 360 da 2.6, ka samu 138. Ka ninka da 290, ka samu kusan kilomita 40,000. Haka Eratostenis ya yi a Masar wajen shekara 240 kafin Miladiyya, tsakanin Aswan da Iskandariya, inda ya samu digiri 7.2, kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira.

Sai dai in faɗa maka iyakar wannan gwajin, don kada a ƙure ka a majalisa. Da garuruwa biyu kaɗai, mai faifai zai iya cewa rana ce ke kusa shi ya sa inuwa ta bambanta. Ka karɓi maganarsa, ka ce ya lissafa tsayin ranar. In ƙasa a shimfiɗe take, tsayin rana shi ne nisan garin a ninka da tsawon sanda a raba da tsawon inuwa. Da awon Gashuwa zai samu kimanin kilomita 6,400. To Tunis da Oslo ta Norway duk suna kusan kan layi ɗaya da Gombe zuwa arewa, azaharsu ta kusa zuwa tare da tamu. A ranar, inuwar sandar a Tunis, mai nisan kimanin kilomita 2,940, rabin mita ce, sai lissafinsa ya ba shi 5,900. A Oslo, mai nisan kimanin kilomita 5,500, inuwar mita ɗaya da santimita 17 ce, sai ya samu 4,700. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, tsayi uku. In kuwa ka sa awon garuruwan uku a lissafin ƙwallo, kowanne kusan kilomita 40,000 zai ba ka.

Inuwar santimita huɗu da rabi gajeruwa ce, sandar ta ɗan karkata kaɗan sakamakon ya kauce da dubban kilomita. In za ku iya, ku yi da sanda mai mita biyu, ku fara sa alama a bakin inuwar tun 11:45, kowane minti biyar, ku ɗauki mafi gajarta. Abin da ba na ba ka shawara shi ne gwajin hangen kwalekwale a tafkin Dadin Kowa. Iskar da ke kan ruwa tana lanƙwasa haske, musamman da zafin rana, har abin da ya kamata ya ɓuya ya bayyana, kuma yawancin bidiyon da abokinka ke nuna muku a irin wannan yanayin aka ɗauke su. Ka ja shi ku yi na sandar tare, shi ya riƙe abin awon, shi ya kira na Gashuwa a waya.